Gidan Yara na cocin Methodist a Ingila: shekara 100 ana neman abin da zai tsaya wa yaro a madadin gidansu

Ranar 9 ga Yulin 1869 aka buɗe ƙofar wani ɗan ƙaramin gidan haya a titin Church Street, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Waterloo a birnin Landan, aka shigar da yara maza biyu, George da Fred. Gidan ba wani abin a zo a gani ba ne, domin har bargar dawakin da ke bayansa sai da aka gyara aka haɗa kafin wurin ya wadatar. An samo wani magidanci da matarsa aka zaunar da su a ciki, aka ce su ne uba da uwar gidan. Mutum uku ne suka ɗauki nauyin aikin, dukkansu 'yan cocin Methodist: wani limamin coci mai suna Thomas Bowman Stephenson, wanda a lokacin bai cika shekara 30 ba, da abokansa biyu, Alfred Mager da Francis Horner. Sunan da suka raɗa wa wurin shi ne The Children's Home, wato Gidan Yara. Da gangan suka zaɓi kalmar gida, kuma duk tarihin da ya biyo baya, daɗinsa da ɗacinsa, a kan wannan kalmar yake juyawa.

Kafin a gane nauyin kalmar sai an san abin da ke jiran yaron talaka a Ingila ta wancan zamani. Dokar matalauta ta 1834 ta tanadi wasu manyan gidaje na hukuma inda wanda talauci ya kai shi ƙasa zai shiga, a ciyar da shi, ya biya da aikin ƙarfi. An tsara su ne yadda ba mai sha'awar shiga sai wanda ya rasa yadda zai yi. Tun daga bakin ƙofa ake raba iyali: miji ɓangarensa daban, mata daban, yara maza daban, yara mata daban. A kewayen Landan kuma akwai makarantun kwana na 'ya'yan matalauta masu kama da bariki, inda ake tara yara ɗari-ɗari, wani lokaci har sama da 1,000 a harabar guda, ciwon ido yana yawo a tsakaninsu. Shahararren ɗan wasan barkwancin nan Charlie Chaplin ya ɗanɗana wannan rayuwa: a 1896, yana ɗan shekara 7, ya shiga gidan matalauta na Newington da ke kudancin Landan, kusa da Lambeth, daga can aka wuce da shi makarantar Hanwell. Lambeth ɗin nan kuwa ita ce unguwar da aka turo Stephenson aikin coci shekaru kusan 30 kafin haka. Yaron da ya ƙi wannan hanya ba shi da wata sai titi: kwana a ƙarƙashin gadar jirgi, sayar da ashana, sata, kurkuku.

Stephenson ya ga yaran da idonsa, kuma ya faɗi cewa ƙannensa ne da yunwa ta cinye, alhakinsu ba zai sauka daga wuyansa ba muddin bai yi ƙoƙarin ceto ko da kaɗan daga cikinsu ba. Ba shi kaɗai ne zuciyarsa ta motsa a waɗannan shekarun ba. Thomas Barnardo ya buɗe gidansa na yara maza a Stepney a 1870, cocin Ingila kuma ta kafa nata a 1881 ta hannun Edward Rudolf. Abin da ya bambanta Stephenson tun farko shi ne tsarin da ya ɗauko daga Jamus. A 1833 wani malamin addinin Kirista, Johann Hinrich Wichern, ya kafa Rauhe Haus a gefen Hamburg, inda ya rarraba yara cikin ƙananan gidaje, kowane gida da yara kamar 12 da babba guda da ke kwana yana tashi da su. Hujjar mai sauƙi ce. Yaro ɗaya cikin 500 lamba ne kawai, ba wanda zai lura ranar da ya ƙi cin abinci. Yaro ɗaya cikin 12 kuwa yana da suna, ana sanin abin da ke sa shi kuka da dare. Wannan shi ne tushen abin da daga baya aka riƙa kira gidan rukuni irin na iyali.

Aikin ya bunƙasa da sauri. A 1871 aka koma Bonner Road a gabashin Landan, aka fara karɓar 'yan mata, kuma a shekarar ce babban taron cocin Methodist ya amince da gidan a matsayin aikin coci. Wannan amincewa ita ce ta ba shi ƙafafu. Coci tana da rassa a kowane gari, tana da makarantun ranar Lahadi, tana da attajirai masu masaƙu da masana'antu da ke neman inda za su zuba dukiya don Allah, tana kuma da 'yan mata masu ilimi da ke neman aikin ibada. Daga 1878 aka fara horar da mata na musamman don riƙe gidajen, ana kiransu Sista. Ba 'yan zuhudu ba ne irin na Katolika, ba su yi alwashin zama haka har mutuwa ba, amma muddin suna aikin ba su da aure, kuma da yawansu a nan suka ƙarar da ƙuruciyarsu da tsufansu. A zamanin da ake ganin kula da yaro ba ya buƙatar wani koyo, wannan horo babban ci gaba ne, kuma ya kamata a faɗe shi. Sai dai a lura da abin da ya faru a hankali: gidan da aka fara da uba da uwa ya koma gidan da Sista ɗaya ko biyu ke riƙe da yara 20 ko fiye. Uban gida ya ɓace daga tsarin, ya zama gwamna guda da ke saman reshe gaba ɗaya.

A 1872 wani attajirin Bolton mai suna James Barlow ya ba da wani fili a Edgworth da ke Lancashire, tsauni mai sanyi da fadama, da wata tsohuwar mashaya a kansa. Alfred Mager ya tafi can da rukunin yaran Landan. Da hannunsu suka tsince duwatsu, suka janye ruwan fadama, suka fasa dutse suka gina gidaje da shi. Masu tarihin gidan suna ba da wannan labari da alfahari, kuma akwai abin alfahari a ciki, tunda ƙasar da ba ta haifar da komai ta zama gona da ƙauye. Ni dai idan na karanta shi, tunanina yakan tafi ga yaron da aka ɗauko daga lungun Lambeth, bai taɓa ganin saniya ba, aka kai shi nisan mil kusan 200 daga duk wanda ya san sunan uwarsa. Nisan nan ba kuskure ba ne. Masu aikin sun yi imani cewa birni ne ya lalata yaron, don haka maganinsa iska mai kyau, aikin gona, addu'a, da nesanta shi da inda ya fito.

Rassa suka yi ta ƙaruwa: gidan marayu na Princess Alice kusa da Birmingham, wani a Ramsey da ke tsibirin Man, wani a Alverstoke, wani a Frodsham, wani a Bramhope. A 1908 sunan ya koma National Children's Home and Orphanage. Wanda ya fi nuna yadda tunanin ya kai ƙarshensa shi ne reshen Harpenden, arewa da Landan, inda aka kwashe yaran Bonner Road aka kai a 1913. Mai shiga zai tarar da fili mai ciyawa, zagaye kamar ƙwai, gidaje sun kewaye shi, na maza a gefe ɗaya, na mata a ɗaya gefen, ga majami'a a harabar. Akwai gona, akwai wuraren koyon sana'a, har da maɗaba'a inda samari ke koyon ɗab'i. Kusa da nan akwai asibitin masu tarin fuka. Da asuba a tashi, a gyara gado, a goge daɓe, a yi addu'a, a ci abinci a teburi guda da Sista. Yaro namiji ya fita da sana'ar hannu, yarinya kuma galibi aikin gida ake koya mata don ta je ta yi aikatau a gidajen masu hali. Idan aka gwada da barikin Hanwell, bambancin kamar dare da rana ne. Idan kuma aka gwada da gida na gaskiya, nan take giɓin ke bayyana. Wa da ƙanwa da aka kawo rana ɗaya za su rabu, shi can, ita can, sai hange daga nesa. Wane iyali ne maza zalla, 20, kusan sa'o'in juna? Kuma ƙauyen ya wadatu da kansa har yaro zai iya girma bai san yadda ake sayen burodi a kanti ko yadda maƙwabta ke gaisawa ba.

Akwai wani abu da kalmar marayu ke rufewa, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar. Da yawa daga cikin yaran da ke irin waɗannan gidaje ba marayu ba ne gaba da baya. Wani ubansa ne ya mutu, uwar tana wankau ba ta iya ciyar da biyar. Wani uwarsa ce ta rasu, uban yana aikin jirgin ruwa. Wata an haife ta ba aure, a zamanin da wannan abin kunya ne da ke korar mace daga aiki da gidan haya. Wasu kuma lalle an ceto su ne daga duka da maye da wulaƙanci, wannan ba a musunsa. Amma ga akasarinsu ciwon talauci ne, maganin da aka bayar kuwa rabuwa. Kuɗin da ake kashewa a kan yaro a cikin gidan, da an miƙa wani kaso nasa ga uwar, da yawa ba su bar ɗakinta ba. Mutanen zamanin ba su yarda da haka ba, saboda sun ɗauka ba talaka kuɗi a hannu yana koya masa lalaci. Doka ma ta bi bayansu: bayan shari'o'in da iyaye suka yi da Barnardo suna neman a mayar musu da 'ya'yansu, majalisa ta yi dokar 1891 da ta ba kotu ikon hana uba ko uwa ɗansu idan an ga sun yi watsi da shi, ko sun bar wasu suna ɗawainiyarsa. Mai kuka da yunwa jiya, yau kukansa ya zama shaida a kansa.

Daga nan zuwa tura yara ƙetare taki ɗaya ne. A 1873 Francis Horner ya raka rukunin farko zuwa Kanada, aka buɗe gidan sauka a Hamilton da ke lardin Ontario. Daga can ake rarraba yaran ga manoma, maza su yi aikin gona, mata su yi aikin gida. Gidan Yara ya tura sama da 3,000 ta wannan hanya, cikin kimanin yara 100,000 da ƙungiyoyin Birtaniya daban-daban suka kai Kanada. Niyyar a bayyane take: ƙasa mai faɗi, abinci wadatacce, makomar da Landan ba za ta ba su ba. Wasu sun dace da mutanen kirki, sun girma sun mallaki gonakinsu. Wasu kuwa sun faɗa hannun wanda ɗan ƙwadago mai arha kawai yake nema, suna kwana a rumbu cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, makaranta sai an ga dama. Gargaɗi bai yi jinkirin zuwa ba. Tun a 1874 wani sufeton gwamnati, Andrew Doyle, ya je Kanada ya duba yaran da wasu mata biyu masu irin wannan aiki, Maria Rye da Annie Macpherson, suka kai, a 1875 ya rubuta cewa bin sawunsu bayan an raba su ya yi rauni ƙwarai. Duk da haka sai a 1925 Kanada ta hana shigo da yaran da ba su kai shekara 14 ba ba tare da iyayensu ba. Ƙungiyar da aka kafa don kada yaro ya ɓace cikin taro ita ce ta ajiye shi shi kaɗai a wata gona a ƙetaren teku, inda mai duba shi zai leƙo jefi-jefi.

Batun kuɗi ma yana da nasa tasirin a kan yadda ake kallon yaran. Gidan da ke rayuwa da sadaka dole ya riƙa nuna wa masu bayarwa abin da kuɗinsu ya yi. Stephenson mutum ne mai son waƙa, don haka ƙungiyar mawaƙan yara ta riƙa zagaya garuruwa ana tara gudummawa. Daga baya aka fito da akwatunan tara kuɗi masu siffar fitila da ake ajiyewa a gidajen mabiya, da wasu 'yan ƙananan littattafai da ake kira Sunny Smiles. Kowane shafi hoton yaro ne yana murmushi. 'Yan makarantar Lahadi su ɗauka su bi dangi da maƙwabta, wanda ya ba da 'yan kwabbai ya zaɓi hoton da ya fi burge shi, a yage masa. Tsofaffi da yawa a Ingila har yau suna tuna wannan da ƙauna, kuma kuɗin ya ciyar da yara na gaske. Amma fuskar yaro ce ake yagewa ana miƙa wa baƙo, kuma darasin da ke ciki ga wanda ke cikin gidan shi ne cewa murmushi da godiya wajibi ne a kansa. Yaron da aka koya wa haka yana da wuya ya buɗe baki ranar da wani babba ya cuce shi.

Juyin ya zo ne a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. A 1944 wata mai fafutukar kare yara, Lady Allen ta Hurtwood, ta rubuta wasiƙa a jaridar The Times tana kokawa da halin da yara ke ciki a gidajen hukuma da na ƙungiyoyi. A Janairun 1945 wani yaro ɗan shekara 12, Dennis O'Neill, ya mutu a wata gona a Shropshire saboda duka da yunwa. Abin lura, ba a gidan marayu ya mutu ba. A hannun masu riƙo ya mutu, waɗanda hukuma ta damƙa musu shi ba tare da sa ido na kirki ba. Wannan ya nuna cewa matsalar ta wuce zaɓi tsakanin gidan taro da gidan riƙo: duk inda aka ajiye yaro ba mai leƙawa ya tambaye shi shi kaɗai, yana cikin haɗari. Gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Myra Curtis, kuma shugaban Gidan Yara na lokacin, John Litten, yana cikin membobinsa. Rahoton da suka fitar a 1946 ya ƙirga yara kusan 125,000 a Ingila da Wales da ba sa rayuwa a gidajensu. Ya jera abin da ya fi: a sama wa yaro iyayen da za su mayar da shi nasu bisa doka, in ba haka ba a ba da shi riƙo, sai in duk sun gagara a kai shi gidan yara, shi ma ƙarami, yara kamar 8 zuwa 12, maza da mata, manya da ƙanana, kada a raba 'yan uwa, su je makarantar gari tare da sauran yara. Dokar yara ta 1948 ta ɗora wa kowace ƙaramar hukuma alhakin kafa kwamitin yara da jami'i na musamman, ta kuma sa gidajen coci ƙarƙashin rajista da binciken gwamnati.

Wato bayan kusan shekara 80, gwamnati ta karɓi hujjar Stephenson, ta kuma juyo da ita ta auna gidajensa, aka ga su ma sun yi girma. Aka shiga rage yawan yara a kowane gida, aka haɗa maza da mata, aka fara buɗe ƙananan gidaje a cikin unguwanni, waɗanda mai wucewa ba zai bambanta su da na maƙwabta ba. Abin takaici, tsohuwar ɗabi'a ba ta mutu nan take ba. A farkon shekarun 1950 gidan ya sake tura yara, ƙasa da 100, zuwa Ostireliya, bayan rahoton Curtis ya riga ya ja kunne a kan tura yara waje. Ba da jimawa ba aka daina. Girman ɓarnar da shirin tura yara ya yi, a hannun ƙungiyoyi da coci-coci da dama, bai fito fili ba sai da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a Nottingham, Margaret Humphreys, ta fara bin diddigi, ta kafa ƙungiyar taimaka musu a 1987. An samu waɗanda aka gaya musu iyayensu sun mutu alhali suna raye. Firaministan Ostireliya Kevin Rudd ya nemi gafara a 2009, na Birtaniya Gordon Brown ya yi haka a 2010. A 2018 kwamitin binciken cin zarafin yara na Ingila da Wales ya ce a biya waɗanda suka rage diyya, gwamnati ta ware wa kowannensu fam 20,000.

Abin da ya ƙarasa rushe tsohon tsarin ilimi ne da sauyin zamani. A 1951 likitan ƙwaƙwalwa John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto yana nuna cewa ƙaramin yaro yana buƙatar shaƙuwa mai ɗorewa da mutum guda, kuma yanke wannan shaƙuwa yana barin tabo. An yi ta gardama a kan wasu sassan maganarsa, amma jigonta ya zauna. Ga shi kuma gwamnati ta fara biyan tallafin iyali, gwauruwa ba ta rasa ɗanta don kawai ba ta da kuɗin haya, kunyar haihuwa ba aure ta ragu, matan da za su sadaukar da rayuwarsu su zama Sista suka yi ƙaranci. A 1965 aka cire kalmar gidan marayu daga sunan. Manyan rassan suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Na Harpenden ya rufe a shekarun 1980, wata ƙungiyar mishan ta karɓi harabar. Ƙarfin aikin ya koma cibiyoyin iyali, inda ake taimakon uwa da uba tun kafin gida ya watse, da neman masu riƙo, da kula da yara masu naƙasa. Dokar yara ta 1989 ta tsaya a kan cewa ya fi kyau yaro ya tashi cikin danginsa muddin babu cutarwa. A 2008 ƙungiyar ta ɗauki sunan Action for Children, kuma har yanzu tana da alaƙa da cocin Methodist, ko da yake yawancin aikinta yanzu da kuɗin hukumomi ake yinsa.

Ban ga dalilin raina Stephenson da Sistocinsa ba. Sun shiga inda masu iko suka kau da kai, kuma akwai dubban mutane da suka rayu, suka yi karatu, suka yi sana'a saboda su. Wasu tsofaffin yaran har taron shekara-shekara suke yi, suna kiran wurin gidansu. Laifin da nake gani shi ne sun yarda da kyawun niyyarsu har suka daina tambayar yaron, suka kuma ɗauki uwar da talauci ya durƙusar a matsayin abin da za a tsame shi daga ciki. Gidajen rukuni ba su ƙare ba a Ingila. Har yau akwai matasan da riƙo ya gagara a kansu, ko su da kansu ba sa son a kai su gidan wani, kuma ƙaramin gida mai ma'aikata nagari ya fi musu.

Wani sashe na aikin ƙungiyar a yau shi ne buɗe tsofaffin fayil. Dattijo ko dattijuwa, ko jikansu daga Kanada, ya rubuto yana neman takardunsa. A ciki akan tarar da takardar shiga, da dalilin da aka rubuta na karɓarsa, da rahoton makaranta, wani lokaci da hoto, wani lokaci da sunan wata 'yar uwa da bai taɓa sanin yana da ita ba. Saboda nauyin abin da ke iya fitowa, ma'aikaci kan tattauna da mutum kafin a miƙa masa, ya kuma kasance kusa yayin da yake karantawa.